Saita Gaɓoɓin Inji a CAD Kafin Gwajin Motsi da Ƙarfi

Duk shekara idan lokacin aikin kammala karatu ya zo, ɗaliban injiniyan kanikanci sukan kawo kusan abu iri ɗaya: injin ɓare gyaɗa, na sussukar masara, na matsar mai, na tankaɗe hatsi. An zana shi tsaf a Inventor ko SolidWorks, shaf na juyawa a fuskar kwamfuta, rariya na kai da komo, ga kuma hoto mai shuɗi da ja wai shi ne shaidar ƙarfen zai jure. Da ka ce a nuna maka ƙarfin da ke kan fil ɗin da ya haɗa konrod da kiranshaf, sai a buɗe giraf a tarar da sifili, ko a tarar da lamba ta fitar hankali. Kusan kullum laifin yana wuri guda, wato yadda aka saita gaɓoɓin da suka haɗa sassan.

Injin da ya motsa a allo bai tabbatar da komai ba illa cewa sassansa ba su maƙale ba. Manhajar lissafin motsi tana ɗaukar kowane sashe a matsayin abin da ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Ba ta san boris ba, ba ta san walda ba. Abin da ta sani shi ne nauyin kowane sashe da dokar da ka kafa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Idan dokar ta karkace, lambobin da za ta ba ka sun karkace, kuma da su za ka shiga gwajin ƙarfi.

Misali ɗaya za mu bi har ƙarshe: injin tankaɗe mai rariya da ke zamewa gaba da baya a kwance. Rariya da hatsin cikinta kilo 15. Fil ɗin kiranshaf yana nesa da tsakiyar shaf da milimita 20, tsawon konrod milimita 200, shaf yana juyi 300 a minti. Sassa huɗu ke nan: firam, kiranshaf, konrod, rariya.

Abin da za ka tanada

Manhaja mai lissafin ƙarfin motsi. A Inventor Professional sashen shi ne Dynamic Simulation, abokinsa Stress Analysis. A SolidWorks Premium shi ne Motion tare da Simulation, kuma daga cikin nau'o'in nazari uku da ke can, wato Animation, Basic Motion da Motion Analysis, na ƙarshen ne kaɗai za ka dogara da lambobinsa. Fusion yana da gaɓoɓi masu sauƙin koyo, amma Motion Study ɗinsa matsayin sassa yake nunawa, ba ya lissafa ƙarfin da ke kan gaɓa.

Zane kammalalle, kowane sashe a fayil ɗinsa.

Bayanan gaskiya na injin: gudun mota daga farantin da ke jikinta, girman fuli biyu, irin boris ko bushin da za a saka, da nauyin kayan da injin zai ɗauka. Wutar Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a sakan, don haka motar lantarki mai ƙafa huɗu takan yi wajen juyi 1440 a minti. Kafin ta sauko 300 sai an rage ta ninki 4.8 ta hanyar fuli. Ɗalibai da yawa 1440 suke sa wa kiranshaf kai tsaye.

Takarda, biro da kalkuleta. Da su za a yi mataki na uku da na takwas, kuma waɗannan biyun su ne ginshiƙin aikin.

1. Ba kowane sashe ƙarfensa, ka duba nauyinsa

Sashen da ba ka zaɓa masa abin da aka yi shi da shi ba, Inventor da SolidWorks duka nauyin ruwa suke ba shi, kilo 1000 a kiyubik mita ɗaya. Ƙarfe kilo 7850 ne, alminiyom wajen 2700. Ke nan konrod na ƙarfe da aka manta da shi zai zo da nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na gaskiya ba, kuma babu gargaɗin da zai fito. Buɗe bayanin nauyi na kowane sashe ka karanta da idonka. Falan ƙarfe mai faɗin milimita 25, kauri 6, tsawo 200 bai kamata ya yi nisa da kilo 0.24 ba.

Hatsi ba ya cikin zane, amma yana cikin rariya. Ko dai ka rubuta nauyin rariya da hannu ya zama kilo 15, ko ka zana wani bulo mai nauyin hatsin ka manna shi a cikinta. Na biyun ya fi, domin yana sa tsakiyar nauyi inda ya dace.

2. Kafe ɗaya, dunƙule sauran

Firam kaɗai ake kafewa. SolidWorks yakan kafe sashen farko da ka shigo da shi, ko da kuwa fuli ne, saboda haka duba wanda ke ɗauke da alamar kafewa. Sannan duk abubuwan da ke tafiya tare, ka mai da su jiki ɗaya: shaf da fuli da makullinsa da fil ɗin kiranshaf, duk ƙungiya guda, rariya da ragarta da kunnuwan da aka yi mata walda, ƙungiya guda. Noti da wosha ka kashe su gaba ɗaya. Kowane sashe da ka bari sake yana ƙara wa manhaja lissafi shida, kuma yana ƙara maka wurin yin kuskure.

Idan ka shigo da ƙaramin haɗi cikin babban haɗi, a sandare yake zuwa. In akwai abin da ya kamata ya motsa a cikinsa, sai ka mai da shi Flexible.

3. Ƙirga hanyoyin motsi a takarda

Duk abin da ke sake a sarari yana da hanyoyin motsi shida: zamewa ta fuskoki uku, juyawa ta fuskoki uku. Aikin gaɓa shi ne ta ɗaure wasu ta bar wasu. Ga waɗanda za ka yi ta haɗuwa da su:

Gaɓar walda, Rigid ko Welding, tana ɗaure shida duka. Gaɓar hinji, wadda ake kira Revolute, Rotational, Revolution ko Hinge gwargwadon manhaja, tana ɗaure biyar ta bar juyi ɗaya. Gaɓar zamiya, Slider ko Prismatic, ita ma biyar take ɗaurewa, ta bar zamewa ɗaya. Gaɓar silinda tana ɗaure huɗu, ta bar juyi da zamewa a kan layi guda. Gaɓar ƙwallo, Ball ko Spherical, tana ɗaure zamewa uku ta bar juyi uku. Gaɓar shimfiɗa, Planar, uku take ɗaurewa. Ta ɗigo-kan-layi, Point-Line, biyu.

Lissafin da ake jingina wa Grübler da Kutzbach ba shi da wuya: ninka adadin sassa masu motsi da shida, ka ɗebe jimlar abin da gaɓoɓi suka ɗaure. Injinmu yana da sassa masu motsi uku, 18 ke nan. Mai koyo zai sa hinji tsakanin firam da kiranshaf, hinji tsakanin kiranshaf da konrod, hinji tsakanin konrod da rariya, sai zamiya tsakanin rariya da firam. Huɗu sau biyar 20. Sha takwas a ɗebe ashirin, an ci bashin biyu.

A bisa lissafi injin ba zai motsa ba, amma a allo yana juyawa lafiya da hanyar motsi ɗaya. Tazarar da ke tsakanin ɗaya da bashin biyu uku ce. Waɗannan ukun su ne rarar ɗauri: dokoki uku da aka maimaita, gaɓa biyu suna hana abu guda. Hinjin kiranshaf ya riga ya hana konrod gocewa gefe, hinjin rariya kuma ya sake hana shi. Injin yana motsi ne kawai saboda a zane duk layukan juyawa sun yi daidai da juna ba kuskuren ko gashi ɗaya.

4. Cire rarar ɗauri

Nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa, don haka a nan za mu daɗe.

Tukunya a kan duwatsun murhu uku, in ka san nauyinta da inda kowane dutse yake, lissafi zai ba ka abin da kowannensu ya ɗauka. Ƙara dutse na huɗu: tukunya tana nan zaune daram, amma lissafin daidaito shi kaɗai ba zai iya raba nauyin ba, domin rabon ya koma ga wane dutse ne ya ɗan fi tsawo, wane ne ya ɗan nutse a ƙasa. Manhajar da ta ɗauki komai ba ya lanƙwasa ba ta da wannan bayani. Abin da take yi shi ne ta jefar da dokokin da suka maimaitu a ɓoye, ta ɗora duk nauyin a kan waɗanda suka rage. Wanda za ta jefar kuwa ba kai ka zaɓa ba. Shi ya sa za ka ga ƙofa mai hinji biyu, na sama yana ɗauke da komai, na ƙasa sifili. Motsin daidai ne, gudu daidai ne, amma rabon ƙarfi ƙarya ne, kuma rabon ƙarfi muka zo nema.

Maganin shi ne ka sassauta gaɓoɓi har lissafin takarda ya zo daidai da motsin gaskiya. A injinmu, bar hinji tsakanin firam da kiranshaf, biyar. Mai da gaɓar kiranshaf da konrod ta silinda, huɗu. Mai da ta konrod da rariya ta ƙwallo, uku. Bar zamiya, biyar. Jimla 17, a ɗebe daga 18 saura ɗaya, babu rara. Kada ka ji tsoro cewa konrod zai zame ya fita daga kan fil: ƙwallon da ke ɗaya gefen ya riƙe shi. Haka kuma ba zai murɗe ba, silinda ta hana. Kowace doka sau ɗaya aka faɗe ta.

Wani zai ce ai a injin gaskiya hinji ne a wurin, ba ƙwallo ba. To, fil na gaskiya yana da ɗan sarari a cikin bushinsa, konrod na gaskiya yana ɗan lanƙwasa, kuma wannan sassaucin ne ke sa injin da aka haɗa a garejin walda ya juya duk da layukansa ba su yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Gaɓar ƙwallo ta fi hinjin da ba ya ko gezau kusa da halin wannan fil ɗin.

Shaf mai boris biyu shi ma haka ne. Hinji biyu goma ne a kan shida, shaf kuma yana juyawa, rara biyar ke nan. Idan jimlar ƙarfi kawai kake so, hinji ɗaya ya wadatar. Idan kana son sanin abin da kowane boris ya ɗauka, don ka zaɓi girmansa, sa ƙwallo a ɗaya, ɗigo-kan-layi a ɗayan: uku da biyu, biyar. Wannan ya yi daidai da yadda ake haɗa shaf a aikace, boris ɗaya ya riƙe shi ta tsawo, ɗayan ya bar shi ya miƙe in ya yi zafi. Boris mai gida irin UCP 205 da ake yawan sa wa waɗannan injuna ma dama bayansa a kewaye yake, yana ɗan karkata a cikin gidansa kamar ƙwallo.

Kowace manhaja tana da tarkonta. Inventor yana mai da ƙa'idojin haɗi gaɓoɓi da kansa idan ka shiga Dynamic Simulation, duk Insert ya zama Revolution, sai ka tsinci kanka da hinji huɗu ba ka nema ba. Buɗe Mechanism Status ka karanta lambobi biyu, na motsi da na rara. A SolidWorks, wanda ya saba haɗa fil da Concentric sannan Coincident ya ɗaure huɗu da uku, bakwai, a inda biyar ake buƙata. Rara biyu a kowace gaɓa tun kafin a rufe da'ira. Hinge ɗaya yana yin aikin biyun ba rara. Akwai kuma zaɓin da ke musanya rarar ɗauri da bushin mai ɗan laushi. Yana da amfani a injin da ba yadda za a yi a sassauta shi, amma ka sani rabon ƙarfin zai bi taurin da aka sa wa bushin ɗin, kuma lambar da ta zo da manhaja ba ta injinka ba ce. Ni na fi son a fara gyara gaɓoɓi da hannu.

5. Sa cibiyar gaɓa inda ƙarfi yake bi

Kowace gaɓa tana da cibiya da layi, kuma a kan cibiyar manhaja ke ba da sakamako. Abin da ya fi sauƙin dannawa shi ne bakin rami, don haka nan mai koyo ke sa ta. Idan kan konrod yana da kaurin milimita 20, ka sa cibiyar gefe ɗaya a bakin rami, ta ɗaya gefen a tsakiya, ka karkatar da layin ƙarfi da milimita 10. Za ka ga ƙarfin murɗa na sama da nitin-mita 3 ya bayyana a gaɓar, alhali a injin babu shi. Sa cibiya a tsakiyar tsawon bushin ko tsakiyar boris, ko da sai ka ƙirƙiri ɗigon aiki a wurin.

Duba kuma inda kibiyar layin ta fuskanta. Ita ke nuna wane juyi ne mai alamar ƙari, wane ne mai alamar ragi.

6. Cika halayen gaɓa, amma a hankali

Matsayin farawa: ajiye kiranshaf inda rariya ta kai ƙarshen tafiyarta, ka kira wurin sifili, don giraf ya yi sauƙin karantawa. Wannan ya halatta saboda daga shaf muke tuƙa injin. Idan daga ɓangaren zamiya ake turawa, kamar fistin ko injin matsa na hannu, kada ka fara a daidai inda konrod da kiranshaf suka miƙe layi ɗaya, domin a nan lissafi ba ya sanin ta ina shaf zai juya. Goce da digiri kaɗan.

Iyaka: akwai wurin rubuta inda gaɓa za ta tsaya. A lissafin motsi iyaka ba bango ba ce, sifirin ne mai tauri sosai da ke tura sashe baya idan ya taɓa ta. Rariyarmu tafiyar milimita 40 take yi, kuma kiranshaf ne ya yanke haka. Idan ka sake rubuta mata iyakar 40, duk zuwa ƙarshe sai ta daki wannan sifirin, giraf ya cika da tsini. Iyaka ta abin da ke da abin tsayarwa na gaskiya ce, irin murfi ko hannun liba.

Gogayya: bar ta a kashe a gwajin farko. Sai komai ya yi daidai da lissafin hannu sannan ka kunna ta, gaɓa ɗaya bayan ɗaya, don ka san abin da kowacce ta ƙara. Ƙarfen da ke goga a kan ƙarfe ko tagulla da giris, 0.1 lamba ce mai kyau ta farawa. A bushe ƙarfe a kan ƙarfe yakan haura 0.5, boris mai ƙwallaye wajen 0.0015, wanda sau da yawa bai kai a damu da shi ba. A gaɓa mai juyi za a tambaye ka rabin faɗin fil, domin ƙarfin murɗa na gogayya shi ne lambar gogayya sau ƙarfin da ke kan fil sau rabin faɗinsa. Masu koyo sukan rubuta cikakken faɗin, gogayya ta ninka. Ka lura kuma cewa gogayya daga ƙarfin gaɓa ake lissafa ta, saboda haka gaɓa mai rarar ɗauri gogayyarta ma ƙarya ce.

Akwai kuma wurin sa abin kashe kaɗawa. Kada ka zuba masa lamba don kawai giraf ya yi sumul. Yana cin ƙarfin mota, kuma yana ɓoye matsalar da ya kamata ka gani.

7. Tuƙi da nauyin ƙasa

A gaɓar firam da kiranshaf za ka sa tuƙi, kuma a nan kaɗai, tunda hanyar motsi ɗaya gare mu. Karanta ma'aunin da ke gefen akwatin kafin ka rubuta. Idan digiri a sakan yake nema, juyi 300 a minti shi ne 1800. Wanda ya rubuta 300 ya rage gudu ninki shida, ƙarfin fizga kuwa da murabba'in gudu yake tafiya, don haka ya rage shi ninki 36. Haka ƙarfin murɗa: zane mai milimita yakan ba da shi a nitin-milimita, lamba ta ninka dubu, mutum ya firgita ya sayi babbar mota.

Idan kana son ganin tashin inji daga tsaye, hau da gudun a hankali cikin sakan ɗaya ko biyu da lanƙwasa mai laushi. Tsalle daga sifili zuwa 1800 nan take yana nufin hanzari marar iyaka.

Jan ƙasa mita 9.81 ne a sakan a sakan, wato 9810 a milimita. Tabbatar an kunna shi, kuma kibiyarsa ƙasan injin take kallo. Wata manhaja Y ne samanta, wata Z, kuma sashen da aka ɗauko daga wani wuri yakan zo a kishingiɗe.

8. Yawan hotuna, sannan binciken hannu

Juyi 300 a minti biyar ne a sakan. SolidWorks yakan fara da hotuna 25 a sakan, wato biyar a kowane juyi, tsakanin hoto da hoto digiri 72. Ƙololuwar ƙarfi za ta iya faɗawa tsakanin biyu ba ka gan ta ba. Don samun hoto a kowane digiri 2 kana buƙatar 900 a sakan. Ba sai ka yi dogon gwaji ba, juyi biyu ko uku sun isa.

Yanzu koma ga takarda. Gudun juyi shi ne 300 sau 2π a raba da 60, radiyan 31.4 a sakan, murabba'insa 987. Ninka da mita 0.02, ka sami 19.7. A ƙarshen tafiya na nesa ana ninka wannan da ɗaya da rabon 20 bisa 200, wato 1.1, ya ba da hanzarin 21.7, a na kusa ana ninkawa da 0.9, ya ba da 17.8. Sau kilo 15: nitin 326 a gefe ɗaya, 266 a ɗayan. Nauyin rariya a tsaye nitin 147 ne kacal, ka ga fizgar motsi ta ninka shi fiye da biyu. In aka kai gudun 600, fizgar za ta haura nitin 1300.

Giraf ɗin ƙarfin fil ya kamata ya nuna ƙololuwa biyu marasa tsawo ɗaya kusa da waɗannan lambobi, da ɗan ƙari saboda nauyin konrod. Idan ya nuna wajen 9, ma'aunin gudu ne. Idan ya nuna wajen 40, nauyin ruwa ne ya rage a wani wuri. Idan akwai ƙarfi ta gefen da injin ba ya motsi, koma mataki na huɗu da na biyar.

Bincike na biyu shi ne ƙarfin murɗa na tuƙi. Ba tare da gogayya ba zai riƙa hawa da sauka wajen nitin-mita 3 sama da ƙasa, matsakaicinsa a juyi ɗaya sifili. Inda ya sauka ƙasa da sifili rariya ce ke tura shaf, tana mayar da abin da ta karɓa. Wannan ne dalilin sa filawil. Idan matsakaicin bai zo sifili ba alhali gogayya a kashe take, akwai abin da ke shan ƙarfi a ɓoye.

9. Kai lodin zuwa gwajin ƙarfi

Sashe ɗaya ake kaiwa a lokaci guda, a daidai lokacin da ya fi shan wuya, kuma lokacin ba ɗaya ba ne ga kowa. Konrod da fil a ƙarshen tafiya suke shan nasu. Shaf kuwa murɗarsa tana kai ƙololuwa wajen digiri 45 daga can. Yi alama a kan lokutan biyu a giraf. A Inventor za ka bi ta Export to FEA, sannan a Stress Analysis ka zaɓi Motion Loads Analysis. A SolidWorks akwai Import Motion Loads.

Za a ce ka nuna fuskar da kowace gaɓa ke dannawa. Ga konrod, cikin ramuka biyu ne, ba gefen falan ba. Kada kuma ka ƙara Fixed a ko'ina. Lodin da ya zo daga motsi ya haɗa da fizgar nauyin sashen kansa, bisa ƙa'idar d'Alembert ta 1743, don haka ya riga ya daidaita kansa. Ɗan abin da ya rage manhaja tana shanye shi da sifirin mai laushi. Kafe rami yana mai da shi ƙarfen da ba ya motsi ko kaɗan, ya ƙirƙiro sitires a bakinsa, ya ɓoye na gaskiya.

Idan haɗin gaba ɗaya za ka gwada a tsaye, ka sani gaɓoɓin motsi ba sa biyo ka. Gwajin ƙarfi fuskokin da suka taɓa juna yake dubawa, kuma abin da yake fara ba su shi ne Bonded, kamar an yi musu walda. Fil ya manne a raminsa, konrod ya zama sanda mai ɗaukar lanƙwasa, firam ya yi taurin da ba shi da shi. Canja na fil zuwa irin haɗuwar da ke dannawa amma tana iya rabuwa da zamewa, ko ka yi amfani da Pin connector. In lodi za ka sa da hannu a rami, Bearing Load ne daidai, domin fil rabin rami kaɗai yake dannawa. Inda ka zana sarari tsakanin fil da rami, manhaja ba za ta ga sun taɓa ba sai ka haɗa su da kanka.

10. Karanta sakamako

Launi ba ma'auni ba ne. Manhaja tana shafa ja a wurin da ya fi ko'ina, ko da megafaskal 2 ne. Karanta lamba. A jikin konrod, nitin 326 a kan murabba'in milimita 150 megafaskal 2.2 ne, alhali ƙarfe mai laushi sai wajen 250 yake fara miƙewa ba ya komawa. Konrod ba shi ne abin damuwa ba. Fil ne: mai faɗin milimita 12, lodi a nisan 30 daga gindinsa, yana jin wajen megafaskal 58 na lanƙwasa tun kafin a lissafa tarin sitires na kusurwar gindin. A juyi 600 ya kai 230.

Ƙara ƙanƙantar ragar da manhaja ke rarraba sashe da ita sau biyu ko uku ka ga ko lambar ta tsaya. Idan tana ta hawa ba tsayawa a kusurwa mai kaifi, ba sakamako ba ne, lissafi ne ke tafiya zuwa marar iyaka. Zana ɗan kewayen da bakin injin yanka zai bari a wurin ka sake gwadawa.

Abu biyu gwajin tsaye ba ya gani. Na farko lanƙwashewar dogon sashe siriri idan an danna shi ta tsawo. Ga konrod mai tsawo sai ka yi lissafin Euler ko nazarin Buckling daban. Na biyu gajiyar ƙarfe. Injin nan yana juyi 18,000 a awa, ya cika miliyan cikin awa 56, kuma a kowane juyi ana jan konrod a tura shi, fil kuma lodi ya hau shi ya sauka sau biyu. Ƙarfen da aka goge sumul yakan jure irin wannan a wajen rabin ƙarfin tsinkewarsa, amma wurin walda ƙasa da haka sosai, alminiyom kuma ba shi da matakin da za a ce ya tsira har abada. Saboda haka lambar aminci da manhaja ta nuna, wadda da iyakar miƙewa kaɗai ta kwatanta, ba ta isa hujja ga fil da aka yi wa walda a fuskar farantin kiranshaf ba. Irin wannan fil a huda masa rami a dasa shi da matsi, a ba gindinsa kewaye, sannan a mayar da sabon nauyin kiranshaf cikin gwajin motsi a sake ɗauko lodin.